Mun kai Baffa ruwan Wikki

Maganar zuwa dajin Yankari na jihar Bauchi, inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki take, ta daɗe tana yawo a majalisarmu, duk shekara in an gama kaka sai wani ya ɗauko ta, a yi ta lissafin kuɗin mota da na kwana har a tashi ba a tsayar da komai ba. Bana dai Allah ya yi, riɗi ya yi kyau kuma ya yi kuɗi, kowa ya ɗan samu abin riƙewa a hannu, sai muka yi karo-karo muka ɗauki shatar Sharon ɗin wani ɗan garinmu da yake jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Ni kuma nace in dai za a je to da Baffa za a je, ko da ni zan biya kuɗin kujerarsa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma sana'arsa tun yana saurayi ginar rijiya. Duk ƙauyukan da ke kewaye da mu da wuya ka sha ruwan rijiyar da bai taɓa shiga cikinta ba, ko dai shi ya gina ta ko kuma shi aka kira ya yashe ta da ta fara ƙafewa. Yanzu girma ya zo, gwiwoyi sun ƙi, in hunturu ya shigo sallah ma a zaune yake yinta. To da labari ya bazu cewa za mu tafi da shi sai surutu ya yi yawa, wannan yace ai ruwan kanwa ne mai zafi yake fitowa daga cikin dutse, wancan yace yana maganin sanyin ƙashi da ƙaiƙayi da kyasbi, Inna matar Baffa har jarka ta wanke ta ajiye mana a bakin ƙofa wai a ciko mata. Ni dai ban yi wa kowa alƙawarin magani ba. Abin da nake so kawai, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana bin ruwa ƙasa da diga da guga, ya je ya ga inda ruwa yake fitowa da kansa ba wanda ya gina ba wanda ya ja.

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya, sanyi kuwa ba a magana, hazo ya rufe gari fitilar mota ma da kyar take huda shi. Baffa muka ba gaba, ya naɗe kai da rawani ya lulluɓa da bargo, direba yana ta tsokanarsa da Baba yau fa sai Bauchin Yakubu, shi kuma yana jan carbinsa yana murmushi. Muka bi ta Babaldu muka miƙe hanyar Ningi. Rana na ɗagowa duwatsun Ningi suka fara bayyana, kuma wallahi duk wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta arewacin Jigawa in ya ga waɗannan duwatsun sai ya gane dalilin da yasa Malam Hamza da mutanensa da suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano a tsakiyar ƙarni na 19 suka zaɓi nan suka fake, aka yi ta kai musu yaƙi shekara da shekaru ba a iya murƙushe su ba. Doki ba zai hau wajen nan ba. Baffa yace kakansu yana ba su labarin yadda in aka ce ga Ningawa nan kowa sai ya kwashi yara da dabbobi a shige cikin gari a rufe ƙofa.

Abin da ya fi tsaya min a rai a hanyar nan shi ne buhunan gawayi. Duk ɗan ƙauyen da muka wuce ga su nan jere a bakin titi an toshe bakinsu da ganye, ga tulin itace an faskare ana jiran motar birni. Baffa ya yi shiru yana kallo, can yace min ɗan nan, duk nan da kake gani daji ne da, mutum ɗaya ba ya ratsa shi da yamma. Ban ce komai ba dan ni ma a gidana gawayin ake dafa abinci da shi, kuma mai sayarwar shi ma abin da zai ciyar da iyali yake nema.

A Bauchi muka tsaya muka ci masa da miyar taushe, masar Bauchi dai duk wanda ya ci ya san ba a banza ta yi suna ba. Yaran namu suka so a biya kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa amma direba yace in muka tsaya dare zai yi mana a daji, sai muka bar shi sai dawowa. Muka ɗauki hanyar Gombe har Dindima inda gadar kogin Gongola take, daga wajen nan ake karya kwana a yi kudu zuwa Mainamaji, ƙauyen da babbar ƙofar dajin take, a ƙaramar hukumar Alƙaleri. Aka rubuta mu aka rubuta lambar mota muka biya, wani ma'aikaci ya leƙo ta taga ya gaida Baffa da girmamawa, yace Baba sannu da hanya, sai dai fa da sauranku, daga nan zuwa masauki ya fi kilomita 40. Kuma haka ne. Daga ƙofar nan babu gida babu gona babu ko akuya, daji ne kawai dama da hagu, sabis ɗin waya ya ɗauke, kowa a motar ya yi tsit.

Nan ne Baffa ya farka sosai. Ya ture bargo ya sauke gilas yana nuna bishiyoyi yana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, ga kawo ga maje ga ƙirya ga marke ga taura, ga wata madaciya da mutum biyu ba za su rungume ta ba. Ƙanina da yake aji uku a sakandare bai san ko ɗaya ba in banda tsamiya da kuka, ƙirya ma shi a turmi da taɓarya ya santa bai taɓa ganinta a tsaye da ganyenta ba. Dajin Yankari faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, tun 1956 gwamnatin Arewa ta keɓe shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991 sannan jihar Bauchi ta karɓe shi a 2006. Wato kusan shekara 70 kenan an hana gatari da garma shiga, shi yasa abin da Baffa ya sani yana yaro har yanzu yana nan a tsaye.

Mun isa masauki da la'asar. Tun kafin mu gama sauke kaya gwaggon biri suka kewaye mu, manya-manya da su wasu da 'ya'ya a baya, ba tsoro ko kaɗan a idonsu. An riga an gaya mana a ƙofa kar a bar ɗaki ko mota a buɗe kuma kar a riƙe leda a hannu, amma direba ya ajiye ledar burodi kan but zai ɗaure takalmi, kafin ya ɗago wani ƙato ya sure ta ya haye rufin ɗaki ya zauna yana yagar ledar da yatsu yana kallonmu. Gadu kuma suna ta kiwo a tsakar wajen sun durƙusa kan gwiwoyin gaba suna tonon ciyawa, ko ɗago kai ba sa yi. Muka yi alwala muka yi sallah ƙasaru, sannan nace Baffa mu je ka ga abin da ya kawo mu.

Saukar ita ce aiki. Ruwan yana can ƙasa cikin kwari, matakala ce ta siminti doguwa mai gangara, ga gwiwar Baffa. Ni na riƙe shi ta dama abokina mai shagon caji ya riƙe ta hagu, yana sa sanda a gaba sannan ya sauke ƙafa ɗaya ya jawo ɗayar, duk 'yan matakala kaɗan sai mu tsaya ya huta yana cewa ku yi haƙuri 'ya'yan nan na zame muku kaya, muna cewa haba Baffa wane irin kaya. Ina jin yadda hannunsa yake rawa a kafaɗata, hannun nan mai kanta da ya sha igiya. Tun muna tsakiya iskar ta canza, busasshiyar iskar hunturu mai fasa leɓe ta ɓace, aka shiga wata laima mai ƙanshin danyen ganye, bishiyoyin ma kore shar kamar ba rani ake ba.

Da muka sauka sai ga shi. Wani jan dutse ne ya miƙe tsaye sama, a gindinsa akwai wani ɗan kogo mai duhu, to daga ƙarƙashin nan ruwan yake fitowa, ba ƙara ba tartsatsi, kawai dai ka ga yana tahowa yana wucewa. Tsawon wajen wankan ya kai mita 200, faɗinsa kuma mita goma da ɗoriya, kusa da bakin dutsen zurfin ya kusa mita 2 ya shanye mutum, in ka yi ƙasa kuma yana raguwa har yara su iya tsayawa. Tsabtar ruwan ita ta fi ba ni mamaki, farin yashi ne a ƙasa kana ganin kowace ƙwaya, ga ƙananan kifaye suna zagaya ƙafar mutane, ganye in ya faɗo kana ganin inuwarsa a can ƙasa tana tafiya. Mu da muka saba da ruwan kududdufi da na kogi in ya kawo jajawur, sai muka tsaya kawai muna kallo.

Baffa bai ce komai ba. Ya zauna a bakin simintin ya tattare hannun riga, ya yi bismillah ya kamfato ruwan da tafin hannu, ya fara kai shi hanci ya shinshina, sannan ya kurɓa ya juya shi a baki ya ɗan jima kafin ya haɗiye, ya sake ɗebowa ya murza tsakanin babban yatsa da manuni. Haka na sha ganin yana yi duk ranar da aka cimma ido a sabuwar rijiya kafin ya ce wa masu ita ga ruwanku. Sai ya ɗago yace wanda ya ce muku ruwan kanwa ne bai san ruwa ba. Wannan ba kanwa ba gishiri ba zartsi, garai yake, da a garinmu na samu irinsa da har na mutu ana sa min albarka.

Na tambaye shi yadda ake gane na kanwa, yace shi ruwan kanwa santsi gare shi, in ka murza sai ka ji yana zillewa a yatsa, in ya bushe a jiki ko a bakin randa sai ya bar fari-fari, kuma in ka sha za ka ji shi a maƙogwaro. Yace ya taɓa zuwa aiki can arewa wajen iyakar Nijar suka gina rijiya aka samu ruwa da yawa amma mutane suka ƙi sha sai dabbobi, su kuwa shanu har rububinsa suke dan Fulani ma da kuɗinsu suke sayen kanwa su ba su. Abin da na karanta ya zo daidai da nasa, ruwa yana ɗaukar ɗanɗanon ƙasar da ya kwana a ciki ne, in ya daɗe cikin dutse mai kanwa ko gishiri sai ya narkar da shi ya fito da shi. Irin wannan akwai shi a ƙasar nan, maɓuɓɓugar Akiri da ke ƙasar Awe a jihar Nasarawa ta fi Wikki zafi nesa ba kusa ba kuma da gishiri a ruwanta, dama mutanen Awe da Keana da dafa gishiri aka san su tun da. A Ikogosi ta jihar Ekiti kuma mai ɗumi da mai sanyi ne suke fitowa kusa da juna su haɗe. Na Wikki shi ta cikin dutsen yashi ya biyo, yashi kuma ba abin da zai ba ruwa sai dai ya tace shi.

Da yamman akwai mutane da yawa, ɗalibai daga wata makaranta da wasu iyalai maza da mata, Baffa yace shi ba zai tuɓe a gaban jikokinsa ba, sai muka bari sai bayan isha. Akwai fitilu a wajen, lokacin kuma an watse sai mu kaɗai da wasu mutum biyu can nesa. Ya shiga da dogon wandonsa muna riƙe da shi, a hankali har ruwan ya kawo masa ƙirji, sai naji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya yace Allahu Akbar. Zafin ruwan digiri 31 ne da ɗan ɗigo, dare da rana, rani da damina ba ya canzawa, jikin mutum kuma 37 ne, kaga ashe ba zafi ne mai ƙuna ba, ɗumi ne daidai wanda za ka daɗe a ciki ba ka gaji ba. Amma a daren hunturu da iska take kaɗawa, in ka fito da kafaɗa waje sai ka yi sauri ka mayar.

Yana cikin ruwan yace min sake ni. Na sake shi, ya tsaya da ƙafarsa, ya lanƙwasa gwiwar dama ya miƙe ya sake lanƙwasawa, ya durƙusa har ruwa ya taɓa gemunsa ya tashi ba wanda ya taimaka masa. Rabon da in ga ya yi haka na manta. Ƙanina ya fara ihu wai Baffa ya warke, Baffa yace kai yaro yi shiru, ruwa ne ya ɗauke min nauyin jikina, ɗumin kuma ya saki jijiya, in na fita kayana suna nan suna jirana. Ni dai a lokacin hawaye ne suka taru min, dan tun ina yaro a bakin rijiya nake ganinsa, ko yana ciki ko yana fitowa jikinsa duk taɓo, ban taɓa ganin ruwa ya yi masa wani abu na jin daɗi ba sai ranar.

Muna zaune a wajen da ba zurfi abokina ya tambaya wai wuta ce a ƙarƙashin dutsen ko me. Baffa yace kai ba ka taɓa jan ruwa da asuba cikin ɗari ba? Ai ruwan da ya kwana a randa ya fi ƙanƙara, amma wanda ka jawo yanzu daga rijiya da ɗuminsa. Ƙasa tana riƙe zafinta, sanyin sama ba ya kai mata can ciki. Yace in yana gaba goma sha a ƙasa gumi yake yi tsirara daga shi sai ɗan bante, masu jan guga a sama kuwa suna ƙudundune da mayafi, kuma duk yadda ka ƙara nitsawa haka zafin yake ƙaruwa. To wannan ruwan daga inda ya fito ya fi duk rijiyar da ya taɓa ginawa zurfi. Masana ma abin da suka ce kenan da lissafinsu, duk kilomita ɗaya da aka nitsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30, ruwan sama ne yake tsuma cikin dutsen yashi ya yi ƙasa sosai ya ɗau ɗumi, in ya samu tsaga sai nauyin wanda ke bayansa ya turo shi sama. Baffa bai yi boko ba ko na rana ɗaya amma da jikinsa ya san wannan.

Da asuba muka sake komawa mu biyu da shi, wannan karon saukar ta fi sauƙi. Tururi yana tashi a kan ruwan saboda sanyin gari, birai suna ta motsi a saman bishiya. Ya tsinci wani ɓallin dutse da ya faɗo ya murza shi da yatsa sai ga yashi yana zuba, yace ka gani ko, wannan dutsen shan ruwa yake yi ya ajiye, namu na gida kuwa in ka wuce jan gargari ka wuce marmara ka ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri, shikenan, diga sai dai ta yi wuta, ruwan da za ka samu sai wanda ya maƙale a tsaga ko a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, shi yasa rijiyoyinmu suke ja da baya in an shiga bazara. Na gaya masa an auna abin da yake fita daga nan, lita miliyan 21 kullum, yana gangarawa kogin Gaji. Bai gane lita ba sai na buga masa a waya da jarka mai cin 25, ya kama jarka 840,000 a rana, wato duk sakan ɗaya kusan jarka 10, kurar ɗan garuwa guda kenan. Ya daɗe yana kallon bakin kogon, sannan yace kuma ba inji ba sola ba mai tuƙawa. Nace babu Baffa. Na san abin da yake tunawa, layin jarkoki a bakin tuƙa-tuƙan garinmu a watan Afrilu, yara mata tun kafin fitowar rana har a makara makaranta.

Da hantsi muka shiga motar zaga daji da ma'aikaci ɗauke da bindiga. An ce rani ya fi daɗin ganin namun daji dan duk suna taruwa a bakin Gaji in sauran wurare sun bushe, to mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna can nesa suna tada ƙura, da kada kwance a bakin ruwa baki buɗe, tsuntsaye kuwa ba adadi, an ce sun haura iri 350. Giwa dai ba mu yi katarin ganinta ba sai kashinta sabo a kan hanya da rassan da ta kakkarya, ma'aikacin yace na Yankari suna cikin mafi yawan da suka rage a Najeriya kuma duka-duka ba su wuce ɗari da wani abu ba. Ƙudan tsando ya ɗan gaisa da mu a wajen kwari, cizonsa da zafi, wanda zai je ya sa riga mai dogon hannu. Na yaba wa masu gadin dajin nan ƙwarai, kwana suke a jeji suna fama da mafarauta, a ɗan gidan tarihin da ke masauki ma an jera bindigogi da tarkunan da aka ƙwace tare da hauren giwa da fatu.

Aka kai mu kogunan Marshall, ramuka 59 da aka fafe a jikin wani dutsen yashi, an sa musu sunan Baturen da ya ba da labarinsu a 1980. Ƙofar kowanne 'yar ƙarama ce sai ka rarrafa, ciki kuma ɗaki ne da mutane za su zauna, ana cewa mutanen da ne suke ɓuya a ciki lokacin farautar bayi. Baffa bai iya hawa ba amma ya sa hannu a bakin na ƙasa yana shafa bangon, yace wannan aikin hannu ne, dubi inda bakin ƙarfe ya bi, kuma wanda ya yi ya san sana'arsa dan ya bar wa rufin kauri yadda ba zai rufto ba. Jin haka sai ma'aikacin yace Baba ashe kai magini ne, ai kuwa akwai rijiyoyin Dukkey a cikin dajin nan, sun fi ɗari, an gina su kusa da kusa kuma a haɗe suke ta ƙasa, mutanen da ne suka yi su dan tara ruwa. Baffa ya juyo da sauri yace a haɗe ta ƙasa? Ya yi ta jero tambaya, gaba nawa ne zurfinsu, an ɗaure bakinsu ko haka suke, har yanzu suna riƙe ruwa. Amma hanyar da nisa kuma direbanmu ya matsu a kama hanya dan yana da lodi washegari, haka muka haƙura.

Kafin mu taso nace a sauka a ciko jarkar Inna, Baffa yace a'a, in ya huce ai ya zama ruwa irin kowanne, kar mu je mu sa mata rai ta bar shan maganinta. Gora ɗaya ta roba ya yarda aka cika, wai ta ga haskensa ta ɗanɗana. Kuma ina ganin gaskiyarsa, dan a ƙauye in aka ce abu magani ne sai mai hawan jini da mai suga su ajiye na asibiti su koma kansa, mun sha ganin yadda hakan take ƙarewa. Gwiwar tasa ta yi masa sauƙi na ɗan lokaci bayan mun dawo, har ya yi sallah a tsaye, daga baya ciwon ya dawo yadda yake, yana nan yana shan abin da likita ya rubuta masa, sai dai yanzu kullum da safe Inna tana ɗumama ruwa ya gasa wajen da tsumma, yace yana jin daɗin hakan.

A dawowa mun biya kabarin Tafawa Ɓalewa muka yi masa addu'a, muka shigo gida bayan isha. Tun daga ranar majalisar ƙofar gidan Baffa ba ta rabo da mutane, kuma na lura in yana ba da labari ba ya daɗewa a kan birai da ɓauna, maganarsa dutsen nan ne da bishiyoyin da ke kansa, har ya sa an kira masu gonakin bakin fadamarmu ya roƙe su su bar sauran kanya da tsamiyar da suka rage kar a sayar wa masu gawayi, wasu sun ji wasu sun ce za su duba. Iyayenmu mata su ma sun ce ba su yarda ba sai an kai su, muna nan muna shawarar yadda za a yi su samu lokacin da ba maza a wajen, inaga bayan asuba zai fi. Shi kuwa Baffa rijiyoyin Dukkey ne suka hana shi sakat, na yi masa alƙawarin in Allah ya kai mu za mu koma kafin ruwa ya sauka hanyoyin dajin su ɓaci, ya riga ya sa an nemo masa tsohuwar igiyarsa ta awo mai ƙulli-ƙulli a rumbu yace da ita zai tafi.